Tafiya Ba Ƙafa: Shin Ƙananan Halittu Suna da Niyya?

Ɗigon ruwa guda daga kududdufin damina a Batsari, ko daga mashayar shanu a bakin Dajin Rugu ta wajen Safana, in aka duba shi da madubin likita, za a tarar da halittu masu ƙwayar jiki ɗaya tak, ba ƙafa, ba ido, ba ƙwaƙwalwa, amma suna kai da komo. Leeuwenhoek, mutumin Holan, ya fara ganin irinsu a 1674. Amiba takan miƙa wani sashe na jikinta, sauran ya kwarara ya bi. Paramisiyam da dubban gasu take tuƙa kanta, in ta ci karo da shinge ta ja da baya ta sake hanya. Ƙwayar sammore kuwa, wadda ƙudan tsando ke sa wa shanun da suka yi kudu, da siririyar bulala guda take iyo cikin jini.

To, mai kauce wa shinge yana da niyya ke nan? A'a. Abin da ake gani shiriya ce da Mahalicci ya gina cikin halitta, irin wadda Annabi Musa (AS) ya ambata wa Fir'auna a Suratu Ɗaha. Niyya sai mai iya tsayawa ya auna, ya ƙi abin da ransa ke so, shi ya sa hisabi ya hau kan ɗan Adam, bai hau kan amiba ba. Wani zai ce ai masana sun gano sirrin: sinadarin kalsiyam ne ke kwarara cikin paramisiyam, gasun su juya bugunsu, ina batun shiriya? Gano sababi ba ya kore wanda ya tsara sababin, yana dai nuna yadda shiriyar ke gudana. Wani kuma zai ce cutar da ke bin jini haka dole da mugun nufi a bayanta, na maye ko na iska. Amma a 1880, a Aljeriya, irin wannan motsi cikin jini ne ya tabbatar wa likita Laveran cewa mai kawo zazzaɓin cizon sauro halitta ce mai rai, wadda ake gani kuma ake iya kashewa.

Ƙwayar cuta ba ta da zaɓi, mu muke da shi. Saboda haka rataya gidan sauro, tafasa ruwan sha da kai yaro asibiti ran da zazzaɓi ya fara, duk suna cikin tawakkali. Mu riƙi sababi, mu bar zargin maƙwabci.