Abin Lura: Tsakuwa Shida a Hannun Alƙalin Wasa

A wasan kurket, wanda Turawan Ingila suka yaɗa zuwa Indiya da Pakistan da Ostareliya da tsibiran Karebiyan, mai jifa yakan jefa ƙwallo sau shida, sannan a juya gefe wani ya karɓa. Ƙirga shidan nan aikin alƙalin wasa ne. Shida kuwa ko yaron da bai fara rubuta allo ba ya iya ƙirga ta. Duk da haka, tsohuwar al'adar alƙalan wasan ita ce su shiga fili da tsakuwa shida ko kwabbai shida, duk jifa ɗaya su mayar da guda zuwa ɗaya hannun. Yau wasu sun koma ɗan abin ƙirga da ake latsawa, amma da wuya ka ga wanda ya shiga hannu rabbana ya ce kansa ya ishe shi.

Dalilin a fili yake. Babban wasan kurket kwana biyar ake yi ana bugawa, wajen awa shida kullum, jifa kusan 540 a yini. Ƙwallon tauri gare shi, kuma a hannun gwanaye gudunsa kan wuce kilomita 140 a awa. Kafin ƙiftawa da bismilla alƙali zai duba ƙafar mai jifa ko ta tsallake layi, ya ɗago ya ga inda ƙwallo ya faɗi, ya kasa kunne ko ya gogi sandar bugu. Mai wannan aiki a tsakar rana, tsakanin jifa ta huɗu da ta biyar ma sai lissafi ya ɓace masa.

Mu a kudancin Kano mun san irin wannan taka-tsantsan. Je ka kasuwar Kwanar Dangora da kaka, ko wurin masu shinkafa a Tudun Wada, ka tsaya kusa da mai awon da manoma ke rububinsa. Da ƙarfi yake ƙirga kwano, yana maimaitawa don mai kaya da mai saye duk su ji, kuma ba ya amsa gaisuwa sai ya kai inda zai tsaya. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. To a kan dukiyar mutane, mai awon kirki ba ya yarda da kimar idonsa. Da irin wannan ɗan abu ake gane wanda ya ɗauki amana da nauyi.

Cikin alƙalan kurket na zamanin nan, Aleem Dar ɗan Pakistan ya fi kowa daɗewa a sahun gaba. An haife shi a garin Jhang a 1968, ya ɗan buga wasan a gida bai yi fice ba, ya koma alƙalanci. A 2000 ya fara tsayawa a wasan ƙasa da ƙasa, a 2004 ya shiga rukunin zaɓaɓɓun alƙalai na hukumar kurket ta duniya, ICC. Shekara uku a jere, 2009 da 2010 da 2011, shi aka zaɓa gwarzon alƙalai. A gasar cin kofin duniya ta 2011, sau 15 'yan wasa suka ƙalubalanci hukuncinsa aka koma ga na'ura, duk 15 ɗin na'ura ta gaskata shi. A Disambar 2019, a birnin Perth, ya tsaya a babban wasansa na 129, ya wuce Steve Bucknor ɗan Jamaika mai 128. Sai a 2023 ya sauka daga rukunin.

To wannan gwanin shi ne a Yulin 2013, a wasan Ingila da Ostareliya a Nottingham, ya yi kuskuren da duniya ta gani. Ƙwallo ya taɓa sandar ɗan wasan Ingila Stuart Broad aka cafe, abin da ya kamata ya fitar da shi, Dar bai gani ba ya bar shi ya ci gaba. Ingila ta ci wasan da ratar maki 14 kacal. Jaridu sun caccake shi, hukumar ta fito ta ce kuskure ne. Amma ba wanda ya tsallako fili ya ɗaga masa hannu, kuma ya ƙara shekara goma yana aikinsa. Ɗan Adam tara yake bai cika goma ba, su kuma masu wasan sun tsara dokokinsu da sanin haka.

Abin da ya fi jan hankalina a tarihin wasan shi ne yadda suka magance zargin son kai. A da, ƙasar da ta karɓi baƙi ita ke ba da alƙalai, kuma kusan duk baƙon da ya sha kaye sai ya koma gida yana cewa an cuce shi. A 1986 Imran Khan, lokacin yana kyaftin ɗin Pakistan, ya tsaya kai da fata aka gayyato alƙalai biyu daga Indiya, V.K. Ramaswamy da Piloo Reporter, suka yi alƙalancin wasansu da 'yan Karebiyan a Lahore. Wanda ya san tsamin da ke tsakanin Indiya da Pakistan zai gane girman abin. Daga 1994 aka wajabta a babban wasa alƙali ɗaya ya zama baƙo, daga 2002 aka ce duk biyun. Ba cewa aka yi alƙalan gida maƙaryata ne ba. Gani aka yi naka sai naka, kuma ko ɗan gida ya yi gaskiya, baƙo ba zai taɓa yarda ba.

Yanzu mu dawo ƙwallon ƙafa a filin firamare na garinmu. An gama girbi, ko an sha ruwa an yi Sallah, wani mai hali ya sa kofi da rago. Ƙungiyoyi sun zo daga ƙauyuka a kan babura da akori-kura. Sai an kusa take wasa ake tambayar wa zai riƙe usur. A ƙarshe a kamo wani malamin makaranta ko tsohon ɗan wasa, ɗan garin, wanda ƙanensa ke tsaron gidan ƙungiya ɗaya, surukinsa kuma ke jagorantar magoya bayanta. Ba masu tuta a gefe, ba layi sai abin da aka ja da toka, agogon waya ne, kuɗinsa kuma sai an tashi, daga hannun mutumin da ƙungiyarsa ke cikin fili. A haka muke so ya hango satar gida daga tsakiyar fili cikin ƙura. Da ya busa fenareti sai ka ji "an saye shi!", sai jifa, sai gora. Wasan da aka shirya don zumunci ya bar garuruwa biyu ba sa ga-maciji, alhali kasuwa ɗaya suke ci, kuma akwai auratayya a tsakaninsu.

Ni ban ɗora laifin nan a kan yaran da ke jifa kaɗai ba. Abin da suka gani manya na yi ne. A Yunin 2019, a filin Agege da ke Legas, bayan Kano Pillars ta tashi kunnen doki da Enugu Rangers, magoya baya sun kutsa fili suka far wa alƙalin wasa, aka ci tarar ƙungiyar naira miliyan 8. Da aka fitar da sunayen alƙalan gasar cin kofin Afirka da aka buga a Kwaddibuwa a farkon 2024, babu ɗan Najeriya ko ɗaya. Ina alƙalin kirki zai fito a ƙasar da ake koyon aikin da duka? Saurayin Yako ko Riruwai da ya ga an fasa wa malaminsa kai, ba zai taɓa sha'awar usur ba.

Kuma mukan manta cewa mai usur ɗin nan yana da gida. Aleem Dar ya ba da labari cewa yana Afirka ta Kudu a gasar duniya ta 2003 'yarsa 'yar wata bakwai ta rasu, iyalinsa suka ɓoye masa don kada hankalinsa ya rabu, sai a bakin wani mai ta'aziyya ya ji. Namu na ƙauye ba shi da suna irin nasa, amma shi ma akwai wadda ta girka tuwo tana jiran ya dawo lafiya, a kan ladan da bai fi kuɗin man babur ba.

Gyaran bai fi ƙarfinmu ba, don ƙananan hukumominmu huɗu, Kiru da Bebeji da Tudun Wada da Doguwa, kusa suke da juna. Idan ƙungiyar Kiru za ta kara da ta Bebeji, a ɗauko alƙali daga Tudun Wada. Idan Tudun Wada da Doguwa ne, a nemo daga Bebeji. A haɗa shi da masu tuta biyu. A biya shi a gaban kyaftin-kyaftin kafin a take ƙwallo, daga kuɗin rajistar kowa, ba daga aljihun mai kofi ba. A rubuta a takarda, shugabannin ƙungiyoyi su sa hannu, cewa duk ƙungiyar da mutanenta suka taɓa alƙali ta fita daga gasar, bana da baɗi. Iyayenmu hakimai da dagatai, da ku masu sa kofi, kada ku amince a buga wasa a ƙasarku sai an cika waɗannan sharuɗɗa, kuma ranar wasan ƙarshe ku zo ku zauna a bakin fili har a raka alƙali ya hau babur ɗinsa.