DA A CE AN BUƊE MAKARANTAR 'YAN MATA A KAZAURE TUN 1909



Yau ina so mu ƙaga wani tarihi da bai faru ba. Na san wani zai ce, "Malam, ai an hana faɗin da." Gaskiya ne, hadisi ya tabbata a Sahihu Muslim cewa wannan kalma tana buɗe wa Shaiɗan ƙofa. Amma malamai sun rarrabe. Wadda aka hana ita ce ta jin haushin ƙaddara. Annabi (SAW) da kansa ya yi amfani da ita a Hajjin Bankwana, kan dabbobin hadayar da ya koro, domin ya karantar da sahabbai. To da wannan niyya za mu yi tamu.

Ga abin da ya faru tukuna. Turawa sun ci Kano a 1903, ƙasarmu ta shiga Lardin Kano. A 1909 Ɗan Hausa ya buɗe makaranta a Nassarawa, ta 'ya'yan sarakuna da malamai, maza zalla. Kwalejin Katsina da ta biyo baya ita ma ta maza ce. Sai a 1930 aka buɗe wa 'yan mata makarantu a Kano da Katsina. Wato an ba maza ratar shekara ashirin tun kafin a fara tseren. A zaɓen 1959 matan Kudu sun jefa ƙuri'a, matan Arewa kuwa sai 1976 suka samu wannan dama, bayan irin su Malam Aminu Kano da Hajiya Gambo Sawaba sun sha wuya a kai.

Yanzu mu ƙaga wata ƙasar, mai duwatsu irin na Roni, mai gonakin gero irin na Gwiwa, ita ma a ƙarƙashin mulkin mallaka. A cikinta, ranar da aka buɗe ajin yara maza, ranar aka buɗe na mata, da kuɗin baitulmali ɗaya, tunda gumin mata ma yana cikin harajin. Malama mace ke koyarwa, da hijabinta, da safe Alƙur'ani da fiƙihu, da hantsi lissafi da kiwon lafiya. Yarinyar da ta shiga aji a 1909, kafin 1930 ta zama unguwarzoma mai ilimi. 'Yarta ta zama malamar asibiti, jikarta ta zama likita. Mai naƙuda a ƙauyen Gwiwa ba ta kwana tana zubar da jini don mijinta yana ƙyamar namiji ya duba ta, domin akwai mace a asibitin. Alƙali ba ya rufe littafin gado sai ya ji daga bakin kowace 'ya cewa rabonta ya shiga hannunta.

Labari mai daɗi ko? To amma wa zai gina wannan ƙasa?

Baturen da muke jira ya kawo mana, a gidansu ma bai gama ba. Sai a 1882 dokar Ingila ta ba matar aure cikakken ikon mallakar dukiyarta, abin da Musulunci ya ba ta fiye da shekara 1,200 kafin nan. Sai 1928 matan Ingila suka samu ƙuri'a daidai da maza. Jami'ar Kambirij ba ta ba mata cikakken digiri ba sai 1948. Kuma shi abin da ya kawo shi daban: haraji, gyaɗa, da 'yan akawun da za su riƙe masa littafi. Wanda ba shi da abu, ta yaya zai ba ka?

Mu kuwa muna da shi tun kafin ya zo. A Nurul Albab, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi kakkausar suka ga malaman da ke karantar da almajirai a zaure, su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta kafa tsarin 'Yan Taru. Tana naɗa jaji, ta sa mata malfa, jajin ta taho da mata daga ƙauyuka su ɗauki karatu, su koma su koyar da wasu. Ba gwamna, ba kuɗin Turawa. Masarautar Kazaure da gidan Ɗan Tunku ya kafa, a cikin wannan daula ta tashi. Kenan irin shukar yana rumbunmu. Tambayar ita ce me ya hana mu shuka shi ko'ina.

Kar mu ɗora wa Bature komai. A 1923, zamanin Sarki Usman, an hana mata gadon gida da gona a masarautar Kano, wadda Babura ke cikinta a lokacin. Dalilin da aka bayar shi ne tsoron kada mace ta samu gidan kanta ta ƙi zaman aure. Sai bayan shekara talatin, zamanin Sarki Sanusi, aka janye hanin. Allah Ya gafarta wa magabatanmu. Amma ku duba darasin: an ji tsoron wata ɓarna da ba ta riga ta faru ba, sai aka danne haƙƙin da Allah Ya yanka da kanSa a Suratun Nisa'i, aya ta 7 da ta 11, Ya kuma biyo da gargaɗin wuta a aya ta 14 ga mai ƙetare iyakokinSa.

An janye dokar, amma ta zauna a zukata. Har yau mutum zai rasu, maza su riƙe gona, a ce wa mace, "Ke ai kina gidan miji." Idan ta yi magana a ce tana son raba zumunci. Mu yi lissafi. Gona tana ba da buhu 30 a shekara, magada maza biyu ne da mata biyu. Kaso shida kenan, kowace mace buhu 5. Shekara 20 ana nome mata, buhu 100. Ko ka cire wahalar noma da kuɗin taki, saura nawa? Sannan da sallah ka aika mata da kwano biyu, har kana jiran godiya. Wallahi wannan bashi ne, kuma ranar biyansa ba a karɓar gero.

Na san kalmar "daidaito" tana tayar wa wasu da hankali. Ni ban ce a sauya rabon gado ba, ban ce a ɗauke wa miji nauyin ciyarwa ba. Waɗannan hukuncin Allah ne, muna sallamawa. Amma a lada, aya ta 35 ta Suratul Ahzab ta jero maza da mata kafaɗa da kafaɗa. A mallakar dukiya, abin da mace ta samu nata ne. A ilimi, mata sun nemi Annabi (SAW) ya ware musu rana, ya ware, kamar yadda ya zo a Bukhari. Idan muka tsaya kai da fata kan inda shari'a ta bambanta, muka kau da kai daga inda ta daidaita, to son zuciya muke karewa da sunan addini.

Hausawa sun ce da na sani ƙeya ce. 1909 ta wuce, ba mai dawo da ita. Amma wata rana jikokinmu za su zauna su ƙaga nasu "da a ce" a kanmu, kuma a lokacin babu Baturen da za a nuna. Ga makarantu har a ƙauyuka, ga Islamiyya, ga kwalejin kimiyya da fasaha ta Hussaini Adamu a cikin garin Kazaure. Wane uzuri ya rage?

Saboda haka abu uku nake roƙo. Wanda gonar 'yar'uwarsa ke hannunsa, ya kira malami da dattawa a raba kafin damina. Wanda zai aurar da 'yarsa, ya sa ci gaba da karatunta cikin maganar aure tun a zaure, a gaban shaidu. Mu limamai kuma mu ware wa mata ranar karatu, mu nemo malama mace ta zauna a kan buzun.

Allah Ya nuna mana gaskiya Ya ba mu ikon bin ta, Ya raba mu da cin haƙƙin marasa ƙarfi. Wanda ya amfana ya tura wa ɗan'uwansa.

Wallahu a'alam.