Lambun Da Ƙofarsa Take A Buɗe

Karatu: Farawa 2:8-15, Mai-Wa'azi 2:4-11, Luka 13:6-9

Wanda yake fita daga Agege da asuba ya nufi kasuwar Idumota ba ya ganin kome sai kwalta, da hayaƙin motoci, da cincirindon mutane. Da wuya ya yarda cewa a cikin wannan birni na Legas akwai inda mutum zai zauna ya ji kukan tsuntsaye. Amma akwai. A shekara ta 1990 aka keɓe fili mai hekta 78 a Lekki, aka kira shi Lekki Conservation Centre. Gine-gine sun cinye dajin da yake kewaye da shi, shi kuwa ya rayu. Yau akwai manyan itatuwa a ciki, da fadama, da tafkunan kifi, da birai, da kadoji, da dawisu, da gada mai tsawon mita 401 da take bi ta saman itatuwa. Iyalai da 'yan makaranta suna zuwa su huta.

Wannan wuri yana da darasi domin gidajenmu na masu bi.

Na fari, lambu ba ya cika a rana ɗaya. Inuwar da baƙi suke sha a Lekki amfanin shekara fiye da talatin ce na tsaro da kulawa. Tun a Adnin, Allah ya dasa gona, ya sa kogi ya shayar da ita, sa'an nan ya ba Adamu aikin nomanta da kiyaye ta. Iyalinka, ya maigida, ita ce gonar da aka danƙa maka. Idan ka fita yara suna barci, ka komo sun yi barci, wa yake yi musu ban ruwa da Maganar Allah? Itace tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Minti goma na addu'ar iyali kowace rana ya fi doguwar huɗuba sau ɗaya a shekara. Ke kuma uwargida, kada ki fid da zuciya a kan ɗan da ya ƙi ji. A cikin misalin Yesu, mai lura da gona ya roƙa wa ɓauren da bai ba da 'ya'ya ba ƙarin shekara guda, domin ya yi masa kaftu, ya zuba taki.

Na biyu, sai mu tambayi kanmu, domin wa muke dasawa? Mai-Wa'azi ya gina gidaje, ya dasa lambuna, ya haƙa tafkuna na shayar da itatuwa. Amma a lura, dukan wannan domin kansa ya yi. Da ya juya ya dubi aikin hannunsa, bai sami wata riba a ciki ba. Haka yake ga gidan da yake da abinci da salama, amma ƙofarsa a kulle.

Kowane mako matasa suna sauka Legas daga Arewa neman abinci, ba su da dangi, ba su da masauki. Waɗansunsu 'ya'yan ikkilisiyoyinmu ne na gida. In ba mu karɓe su ba, titi zai karɓe su, ba kuwa da alheri ba. Ibraniyawa 13:2 tana tuna mana kada mu manta da karɓar baƙi.

Wani zai ce, ɗaki ɗaya gare ni, ina na ga lambu? Ɗan'uwa, zogale yakan tsiro a tsohon bokiti, tsuntsu kuma yakan sauka ko a kan kwanon ruwa. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Ranar Lahadi mai zuwa ka gayyaci baƙo ɗaya daga majami'a ya ci tuwo tare da iyalinka. Ka gai da maƙwabcinka Musulmi, ka duba shi in ba shi da lafiya.

Ubangiji ya mai da gidajenmu wurin inuwa da ruwan sanyi ga gajiyayyu. Amin.