Sarƙar da Ba Ta Yin Dauɗa

Zinari ba ya tsatsa, ba ya kuma yin baƙi don kansa. Abin da ke dusashe hasken sarƙar gwal daga jikin mai ita yake fitowa: gumi, man shafawa, hoda, humra, hayaƙin turaren wuta, sai ƙurar hunturu da ke maƙalewa a tsakanin 'ya'yan sarƙar. Shi ya sa wankinta bai kai a nemi maƙeri ba. A nan Kekun Waje ruwan ɗumi muke zubawa a ɗan kwano, mu sa sabulu kaɗan, mu jiƙa ta, mu bi ta da tsohon buroshin haƙori mai laushi, a ɗauraye, a tsane da ƙyalle. Toka da lemon tsami da iyayenmu ke goge tagulla da su ba na gwal ba ne. Toka karce shi take yi, in kuwa sarƙar ruwan gwal kawai aka yi mata a sama, nan take za ta tona miki asiri.

Ana jibi Sallah, ko in biki ya matso, maƙwabta kan kawo mini nasu in haɗa da nawa, wai ni ce mai haƙurin bin lungu-lungu. A nan na lura sarƙoƙin iri biyu ne. Akwai wadda da ta shiga ruwa sai ya yi duhu, ka san ta sha wuya ta sha rana. Akwai kuma wadda ruwan ke fitowa garau, ko ƙanshin turare babu a jikinta, bara haka, bana haka. Ni da nake karantar da matan aure Risala da yamma, wannan ta biyun ce ke hana ni sukuni.

Kowace mace a ajinmu ta haddace cewa kayan ado ba su da zakka. Haka ne a mazhabar Imamu Malik da muke bi, kuma a Muwaɗɗa an ruwaito cewa Nana A'isha ta riƙe 'ya'yan ɗan'uwanta marayu, suna da kayan ado, ba ta fitar musu da zakka ba. Sai dai rabin karatun muka riƙe. A wannan babin dai Malik ya bayyana cewa zinari ko azurfar da ba a amfani da su wajen sawa, ana auna su kowace shekara a fitar da ɗaya bisa arba'in, matuƙar sun kai nisabi. Nisabin zinari miskali 20 ne, wajen giram 85 a awon yau. Malaman Hanafiyya ma ba su raba ba, a wurinsu ko kina sawa ko ba kya sawa, in ya kai sai kin fitar.

Ashe rangwamen da aka yi mana na ado ne, ba na ajiya ba. Mu kuwa mun san dalilin da ake sayen gwal yanzu. Tun da darajar naira ta zube a 2023, mace in ta ɗauki adashi ko ta sayar da tumakinta, Gusau take nufa ta mayar da kuɗin sarƙa, domin kuɗi na narkewa a hannu, gwal kuwa yana nan. Dabara ce mai kyau, ban ga laifinta ba. Amma sunanta ajiya.

Na taɓa faɗa wa wata dattijuwa haka tana zaune a tabarmata. Ta ce, "Malama, wa zai rataya gwal a wuya ya bi hanyar Tsafe a wannan zamani? Tsoro ne ya hana ni sawa, ba rowa ba." Na ce, "Hajiya, gaskiyarki." Kuma har zuciyata na faɗa. Matar da ta sayi sarƙa don kwalliya, 'yan bindiga suka sa ta ɓoye, a fahimtata niyyarta ba ta sauya ba, in an samu lafiya gobe za ta fito da ita. Can da hira ta yi nisa sai ta rage murya ta ce babbar sarƙarta kam ta ajiye ta ne saboda ranar da ba a fata, kada a ɗauke wani nata a rasa abin fansa. Jikina ya yi sanyi. Duk da haka littattafanmu ba su ɓoye ba: abin da aka tanada don ɓacin rana, akwai zakka a kansa. Waɗanda za a ba su ma ba nesa suke ba, su ne matan da aka koro daga ƙauyukansu suna yawo da goyo a titunan Gusau, waɗanda ranar da Hajiya ke tsoro ta riga ta same su.

Kada in cika baki, yawancinmu a ƙauye ko an tattara ɗan kunne da zobe da awarwaro ba za su kai rabin giram 85 ba, babu abin da ya hau kanmu. Maganata da masu hali nake, kuma suna nan, a Bungudu da Gusau har da nan gida. Ban yarda mace ta rataya sarƙa sau ɗaya ranar Idi don a kira ta kayan ado ba, alhali ita da Ubangijinta sun san banki ce.

'Yar'uwa, in kin wanke taki bana ruwan ya fito fes, ki kai ta wurin mai sayar da gwal ya ɗora a sikeli, ya gaya miki nauyinta da karat ɗinta, tunda mai 18 kashi uku cikin huɗu ne kawai zinari. Daga nan ki tambayi malamin da kika amince da shi, ko ki je Hukumar Zakka da Waƙafi a Gusau, ki faɗa musu ainihin abin da ya sa kika saye ta.