Motar Kwaɗayi da Tasharta

Hausawa na cewa wanda ya hau motar kwaɗayi zai sauka a tashar wulaƙanci. Mutanen zamanin Sarkin Damagaram Tanimun ba su san wannan magana ba, domin Damagaram ta lokacinsu ƙasar doki da raƙumi ce, ayari na fita zuwa Agadas da Kano. Abin da suka bar mana shi ne kwaɗayi mabuɗin wahala. Gargaɗin ɗaya ne, sai dai mota ta zo da wani abu da mabuɗi ba ya nunawa.

A dubi fasinja. Ya biya kuɗi, ɗan kamasho ya cusa shi ciki, an rufe ƙofa. Sitiyari ba a hannunsa yake ba, birki ma haka. Mahayin doki ko sukuwa yake yi, linzami na hannunsa, in ya ga rami ya ja. Shi kuwa fasinja zaɓinsa guda ne, lokacin hawa. Nan hikimar take. Makwaɗaici yana da iko da kansa kafin ya miƙa hannu. Da zarar ya karɓa, wanda ya ba shi ne direba, kuma ba ya tambayarsa inda yake son sauka.

Karin magana ba ta ɗaukar baƙo, sai abin da ya zama ɗan gida. A Gaffati, nan gefen birnin Damagaram, tsohon da bai taɓa riƙe sitiyari ba zai ce bakin wane ba shi da birki, ko ya ce wa saurayi mai gaggawa ya rage wuta. Yaron da ke bin babbar mota karen mota ne. Ƙarar inji da ƙaurin mai sun shiga cikin yadda muke auna girma, har mai zuwa biki a mota ya fi mai zuwa a amalanke samun shimfiɗa, ko da motar ta bashi ce. Wannan yana damuna ƙwarai.

Shi kansa son motar ya hau da mu irin wannan mota ta kwaɗayi. Tun 2011 matatar SORAZ ke tace ɗanyen man Agadem a arewacin Damagaram, an gina ta don ganga 20,000 a rana. Duk da haka shekara da shekaru 'yan kabu-kabu da masu motocin haya sun dogara da man kwalba da ake shigowa da shi daga Najeriya, wanda ake kira ruwa-ruwa, saboda araharsa. Matasa da yawa suka mai da shi sana'a. A watan Mayun 2023 Shugaban Najeriya Tinubu ya cire tallafin mai, farashi ya tashi a can, arahar ta tafi. Shawarar da aka yanke a Abuja ta iso har aljihun mai kai kaya kasuwar Dole ta Damagaram daga Gaffati, kuma ba wanda ya nemi jin ta bakinsa.