Ɗalibi a Ƙarƙashin Itacen Iliya



A Littafin Sarakuna na Farko, sura 19, mun karanta yadda annabi Iliya ya gudu jeji jim kaɗan bayan babbar nasararsa a Dutsen Karmel. Ya zauna gindin wani itace, ya roƙi Allah ya ɗauki ransa. Mutumin da ya yi galaba jiya, yau ya gaji da duniya. Ubangiji kuwa bai tsauta masa ba. Ya bar shi ya yi barci, ya aiko mala'ika da gurasa da ruwa har sau biyu, sa'an nan ya yi masa magana a Horeb, ya kuma ba shi Elisha ya zama abokin aikinsa.

Da yawa cikin 'ya'yanmu da ke jami'a suna zaune gindin wannan itace, mu kuwa ba mu sani ba. Mukan yi murna ranar da yaro ya sami gurbin karatun likita, mu manta da abin da ke gabansa: shekara 6 na karatu, jarrabawa bisa jarrabawa, kwana a asibiti tsakanin masu ciwo da masu mutuwa, ga kuɗin makaranta da na abinci. A 2022 yajin aikin malaman jami'a a Nijeriya ya kai wata 8, ɗalibai suna zaune gida, shekaru na wucewa. Wani babban bincike da aka buga a Amurka a 2016, wanda ya haɗa ƙasashe fiye da 40, ya nuna cewa kimanin kashi 27 cikin ɗari na ɗaliban likita suna fama da ciwon baƙin ciki ko alamunsa, kashi 11 kuma sun yi tunanin kashe kansu. Cikin masu fama da alamun, waɗanda suka nemi magani ba su kai kashi 16 ba. Masu karatun shari'a, injiniya da malanta ma suna ɗauke da nasu kaya.

Iyaye, sa'ad da ɗanku ya dawo hutu, kada tambayar farko ta zama ta sakamako. Ku tambaye shi ko yana barci, ko yana cin abinci, ko yana da aboki. Kada ku ɗora wa yaro ɗaya talaucin dukan dangi domin kun fara kiransa "Likita". Wanda ya faɗi jarrabawa bai faɗi daga hannun Allah ba.

Ɗalibai, darajarku ta fito daga Baftisma, maki ba ya ƙara ta, ba ya rage ta. Yesu kansa ya kira manzanninsa su keɓe su huta, kamar yadda Markus ya rubuta a sura 6. Ku kiyaye Lahadi, ku je Misa, ku shiga ƙungiyar ɗaliban Katolika ta makarantarku. In baƙin ciki ya daɗe, barci ya ƙaurace, ku faɗa wa Fada, ku kuma ga likita. Neman magani ba rashin bangaskiya ba ne.

Waliyyi Luka, marubucin Bishara, likita ne. Bari ya yi roƙo domin 'ya'yanmu, Uwa Maryamu kuma ta riƙe su, har su gama da lafiyar jiki da kwanciyar rai. Amin.