Da Wane Mudu Ake Auna Shekara?

Idan shekara ta ƙare, mutane kan zauna su ƙirga abin da ta zo da shi. To, amma da wane mudu ya kamata a auna ta? Da labaran da rediyo ya kawo, ko da abin da ta sauya a zukatanmu?

Mu ɗauki shekarar 2020. A watan Maris Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana korona a matsayin annobar da ta game duniya. Aka rufe makarantu da masallatai, Saudiyya ta dakatar da zuwan maniyyata daga ƙasashen waje, aka kuma ɗage wasannin Olamfik na Tokiyo zuwa 2021. Duk wannan tarihi ya rubuta.

Namu labarin kuwa ba wanda ya rubuta. Mu da neman ilimi ya raba da gida mun koma gaban iyayenmu wata da watanni, muka tarar furfura ta cika kawunansu ba mu sani ba. Dattawa suka rasu, ta'aziyya ta gagara sai ta waya. A lokacin muka yi alkawarin ba za mu ƙara wasa da dangi ba.

Da aka buɗe hanyoyi, mu nawa ne muka cika alkawarin? Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take, ga shi an sakar mana ƙafa, amma har yau waya muke ɗauka. Alal haƙiƙa annoba ƙaddara ce, mantuwa kuwa laifinmu ce, kuma da ita za a auna mu. Allah ya ba mu ikon gyarawa.